Hoton Bai Nuna Komai Ba

Litinin, da safe

An sa ranar aikin. Alhamis ta makon jibi za a buɗe wuyan hannun Malama na dama, a yanke jijiyar da likitan ƙashi yake zargi. Ita ta sa hannu a takardar, da hagu. Matata ce, amma ba daga bakinta na ji ba. Yayarta ce ta bugo ta shaida min, don a gidanta take zaune tun Asabar ɗin can.

Na tambayi Yaya wace jijiya ce za a yanke.

"Jijiya mana. Kai ma dai da tambaya."

Na ce akwai mai kai jini, akwai mai ɗaure tsoka da ƙashi, akwai mai kai saƙo ƙwaƙwalwa, kuma yanke wannan daban yake da yanke waccan.

"To Edita, idan ka gama bugawa ka aiko mana da namu." Ta kashe wayar.

Bari in jera abin da aka tabbatar kafin kowa ya ƙara nasa gishirin. Bara Malama ta zame a matattakalar makarantar da take koyarwa, ta dafa ƙasa, wuyan hannun ya tsage. An sa mata siminti irin na asibiti, an cire a kan lokaci. Ƙashin ya haɗe, hotuna sun nuna. Ciwon bai tafi ba, gaba ma ya yi. Ba ta iya riƙe alli. Ba ta iya sa riga mai dogon hannu. Ta hana a kunna fanka a ɗakinmu, wai iskar yankan ta take yi.

Wannan "wai" ɗin sabo da aikin jarida ne ya kawo shi. Bari in bar shi a wurin.

Litinin, da yamma

Na dawo na kunna fankar ɗaki, tunda ba mai hanawa. Ban jima ba na tashi na kashe.

Talata, bayan azahar

Aikina a gidan jarida shi ne in karɓi abin da wakilai suka aiko in rage masa kitse. Yau wani ya aiko da "mummunan haɗari mai tayar da hankali". Na bar "haɗari". Motar da ta kife da mutane ba ta buƙatar taimakon kowa kafin ta zama mummuna. Haka aka koya min, haka nake koyarwa, kuma ba a taɓa kai mu kotu a kan kalmar da na cire ba.

Tsakanin shafi da shafi na ci gaba da karatun da na fara tun da gidan ya yi shiru. Mun ɗauka ciwo abu ɗaya ne, wani da yawa wani kaɗan. Ba haka ba ne. Hannu ba ya jin ciwo shi kaɗai. Jijiyoyin fata da na tsoka saƙo kawai suke aikawa, kamar wakili daga wurin da abu ya faru. Saƙon ya bi ta laka, a cikin ƙashin baya, nan ne teburin tsakiya, inda ake rage masa murya ko a ƙara. Daga nan ya isa ƙwaƙwalwa, ita ke yanke hukunci ko labarin na shafin farko ne. Abin da muke ji, hukuncin ne.

Ana iya samun matsala a kowane mataki. Wani, wurin ne ya lalace da gaske, wakili gaskiya yake faɗa. Wani, wakilin ne ya ji rauni, yana ta aiko da labarin gobara daga unguwar da ba wuta. Wani kuma teburin tsakiya ne ya rikice saboda ya daɗe yana karɓar labarin tashin hankali, ko labarin iska ne ya shigo sai ya buga shi da manyan haruffa. A irin wannan, taɓawar yadi ma ƙuna ce, kuma ƙunar ta gaske ce, ba ta fatar baki ba. Akwai ma waɗanda jikinsu gaba ɗaya yake musu haka, a gwada jini a ɗauki hoto a ce lafiyarsu lau.

Abin da ya hana ni cin abincin rana shi ne, a wurare daban-daban na karanta cewa idan abu ya kai nan, wuƙa ba ta cika gyara shi ba. Sau da yawa sabon yanka sabon labari ne ga teburin da dama can a rikice yake.

Ni ba likita ba ne. Amma na iya karatu.

Laraba, da yamma

Na biya ta wajen Mama. Tana zaune ta miƙe ƙafa, ta ɗaure gwiwar da tsohon ɗankwali, ɗakin duk ya ɗauki warin man zafi.

"Matar taka ba ta dawo ba?"

"Ba ta dawo ba, Mama."

"Ikon Allah. A kan hannu." Ta shafa gwiwarta. "Ni da likita ya ce ƙashi ke goga ƙashi, ka taɓa jin na kurma wa mutane ihu a falo? Kofunan nan 'yan uwan juna ne, yanzu ga shi ta saki ɗaya ya fashe."

Na yi ƙoƙarin yi mata bayani. Na ce nata ciwon daga gwiwar yake, guringuntsi ne ya cinye. Idan ta hau bene ya tashi, idan ta zauna ya kwanta, idan ta sha ƙwaya ya saurara. Saƙon da abin da ke wurin bakinsu ɗaya. Na Malama kuwa...

"Wato nawa ne na gaskiya," in ji Mama.

"Ban ce haka ba."

"Ai kai ka faɗa ranar nan, a gaban kowa. Ka ce hoton bai nuna komai ba."

"Hoton bai nuna komai ba, Mama. Magana ce a kan hoto."

"To."

Na rasa yadda zan yi da mutane. Ka faɗi jimla ɗaya daidai, kowa ya ɗauke ta ya kai gidansa ya ɗinka mata wuya da aljihu.

Alhamis, da safe

Ranar nan a gidan Mama, ban matsa mata hannun ba. Wannan dai ina so ya zauna a rubuce a wani wuri. Ɗora yatsu kawai na yi.

Juma'a, da hantsi

Na je wurin likitan ƙashi ban gaya wa kowa ba. Mutum ne mai fara'a, mai manyan hannuwa. Tun kafin in zauna ya gane ni.

"Mijin malamar makaranta! Ina ma duk majinyata da irinka suke zuwa. Wasu sai su cinye maka rabin awa ba ka kama komai ba."

Ya buɗe fayil ya karanto: "Zafi a wuyan hannu, yana ƙaruwa da aiki, yana sauka zuwa yatsu." Jimla ce mai tsabta. Na gane ta. A zuwanmu na farko Malama ta faro daga ranar da ta faɗi, ta shiga maganar wuta, da tururuwa, da ruwan wanka, da zanin gado, ga mutane maƙil a waje, ga likita yana satar kallon agogo. Na taƙaita. A zuwa na biyu ma haka. Ai amfanin ɗan rakiya ke nan.

Na tambaye shi ko ya lura hannun yana canza launi, yau ya yi duhu gobe ya koɗe, wani lokaci ya yi sanyi kamar ƙarfe. Na tambaye shi ko ya san iskar fanka ma sa ta kuka take yi.

Ya ɗaga gira. "Ba ta faɗa min ba."

Na ce to ga shi ana faɗa masa.

"Ranka ya daɗe, bayanin da aka ba ni ya yi daidai da jijiyar da ta yi ƙulli a wurin karaya. Ita ce majinyaciya, ita ta nemi aikin, ita ta sa hannu. Idan tana da ƙarin bayani, ƙofata a buɗe take, amma daga bakinta." Ya yi murmushi. "An yi karatu a waya, ko?"

Har a littafi na yi. Ban gaya masa ba.

Asabar, bayan la'asar

Gidan Yaya a hawa na biyu yake, tagogi duk a rufe, zafi kamar gidan burodi. Ta buɗe min ƙofa tana fifita da murfin kwali. "Shigo, amma kada ka yi iska."

Malama tana kujerar da ke lungu, hannun a kan matashi bisa cinyarta kamar abin da aka ba ta ajiya. Ya kumbura, fatar tana sheƙi, faratan sun yi zaƙo-zaƙo don ba a iya yanke su. Na gaishe ta, ta amsa yadda ake amsa wa mai duba mitar wuta.

Na fito da takardun da na buga a ofis, waɗanda na ja wa layi a wuraren da suka dace. Na yi bayani a natse, daga wakili har tebur. Na ce duk abin da take faɗa yana nan a rubuce, ƙunar, da iskar, da canza launin. Na ce ciwo ne sananne, yana da suna, kuma yanka na iya ƙara shi.

Ta saurara har na kai aya. Ita ba ta katse mai magana.

"Wato yanzu ka karanta ka gano ina ciwo."

"Ban taɓa cewa ba kya ciwo ba."

"A shafi na nawa?"

"Me?"

"Inda aka rubuta ina ciwo. In sa Yaya ta je ta karanta wa Mama."

Yaya ta tuntsire da dariya daga kicin.

Na ce ba wasa ya kawo ni ba. Hannun dama ɗaya ne, kuma jijiya idan aka yanke ba a mayar da ita kamar maɓallin riga. Na ce ta ga likitar da ke kula da irin wannan ciwon kafin Alhamis ɗin, iyakar roƙona ke nan.

"Likitan ƙashin nan shi kaɗai ya ce zai yi wani abu," in ji ta. "Kowa sai ya ce in yi haƙuri. Kai kuma ka ce bari ka gwada ka gani."

Ai ba a kan wannan muke magana ba. Na bar takardun a kan tebur. Da zan fita na ga Yaya ta jefar da murfin kwalin ta ɗauke su tana fifita.

Lahadi, da rana

Na wanke kwanuka. Ashe akwai waɗanda ban san mazauninsu ba. Suna nan jere a kan tebur.

Litinin, da hantsi

Sashen masu daɗaɗɗen ciwo na babban asibiti likita ɗaya gare su, mace, layinta kuwa ya tsallaka wata mai zuwa. Na zauna a benci rabin yini har wani ya kira ya fasa nasa. An ba ni Laraba ta makon gobe, ana gobe aikin. Gurbi dai ya samu. Majinyaciya ce babu.

Ina fitowa shugabar makarantarsu ta kira, tana son ta san ko Malama za ta karɓi aji a zango mai zuwa. "Har yanzu hannun ne? Ai na ɗauka an cire simintin tun bara." Na ji kaina ina yi mata bayanin laka da ƙwaƙwalwa a tsakiyar wurin ajiye motoci, da ƙarfi, har wani mai gadi ya leƙo. Ta ce Allah ya ba da lafiya, da muryar wanda ke neman hanyar ajiye waya.

Talata, bayan azahar

Mai Hoto ya fi kowa daɗewa a ofishinmu. Ciwon suga ya ci ƙafarsa ta hagu, aka yanke ta ƙasa da gwiwa shekarun baya. Da ta roba yake yawo, kuma har yanzu shi ke riga kowa isa wurin gobara. Yau na same shi a ɗakin hotuna ya cire ƙafar ya jingina ta da bango, yana sosa iska. Iska sosai nake nufi. Yatsunsa suna can ƙasa da dungun, inda babban yatsa ya kamata ya kasance.

"Yau da rashin mutunci ya tashi," ya ce. "Kamar an soka min ƙusa a ƙarƙashin farce. Farcen da aka binne tun kafin a ba ka kujerar nan."

Na san bayanin. Ƙwaƙwalwa tana da taswirar jiki, kowace gaɓa da filinta. An cire ƙafa, filin yana nan. Jijiyoyin da aka datse suna ta aiko da hayaniya daga dungu, laka ta ƙara musu murya, ƙwaƙwalwa ta duba taswira ta ce daga yatsa ne. Ba inda za a shafa magani.

"Na ɗauka idan aka cire zan huta," ya ce. "Ashe ƙafar ce za ta huta."

Nan take na ga mafita. Takarda ba ta ratsa su ba, to ga shaida mai rai. Na ce ya raka ni gidan Yaya.

"Akwai abinci?"

Na ce akwai.

"To me zan ce?"

"Gaskiya kawai."

"Edita, tun da nake da kai ban taɓa ganin ka aiki mutum neman gaskiya ba sai ka riga ka rubuta kanun labarin."

Raha ce irin tasa. Jibi za mu.

Alhamis, da yamma

Na rasa ta inda zan fara, don haka bari in bi tsari.

Mun hau benen a hankali. Yaya ta ga baƙo ta saki fuska, ta kawo abinci. Mai Hoto ya ci, ya ƙara, ya nemi izinin cire ƙafa saboda zafi. Ya jingina ta kusa da kujerar Malama. Ta dubi ƙafar, ta dubi dungun, sai na ga ta gyara zama.

"Naka yaya yake yi maka?" ta tambaye shi.

"Wuta, Malama. Wani lokaci kuma kamar lantarki ya fizge ni."

"Nawa kamar an tsoma shi a tafasasshen mai. Amma in ka kai hannu kusa, sanyi ƙalau."

"Yana yi miki tururuwa?"

"Masu cizo ma!"

"Idan hadari ya haɗo fa?"

"Ai kafin ya haɗo na sani. Yaya ni take tambaya in za ta yi shanya."

Suka kama dariya kamar 'yan gari ɗaya da suka haɗu a tasha. Sun daɗe a haka. Ba wanda ya duba agogo sai ni.

Na yi gyaran murya, na ce ya gaya mata abin da ya faru bayan an yanke.

"Bai tafi ba," ya ce. "Tsakani da Allah bai tafi ba. Wasu ranakun ma ya fi na da."

Na dubi Malama, na dubi Yaya. Da a nan ya tsaya, da mun gama.

"Amma fa bari in gaya miki wani abu," ya ce, yana suɗe cokali. "Lokacin da ƙafar tana nan, in na ce wuta take min, sai a dube ta a ga ƙafa sumul a cikin takalmi. Matata ma cewa take raki ne. Tun ranar da aka yanke kuwa, ko tari na yi sai an miƙo min kujera. Ƙafar da babu ita aka fi yarda tana ciwo. Ni dai ta nan na ci riba."

Malama ta sunkuya tana kallon hannunta, tana ɗan gyaɗa kai kamar wadda aka karanto wa abin da ta daɗe da haddacewa.

"Ko ɗinki ne a gani," ta ce a hankali. Ba da ni take ba.

A mota na ce masa ya rusa min komai.

"Gaskiya kawai ka ce. Ko ita ma kitsen za ka rage mata?"

Juma'a, da safe

Mace mai ilimi ta yarda a yanka mata hannu don surukarta ta ga tabo. Wannan ba hankali ba ne. Na juya shi ta kowace fuska, ba hankali ba ne.

Juma'a, da rana

Ba don Mama ba ne.

Asabar, da hantsi

Yaya ta bugo.

"Maganar mutumin nan mai ƙafa ta tsaya mata, wai wasu ranakun ya fi na da. Ta ce za ta je wurin likitar taka. Ba fasawa ta yi ba fa, kada ka fara murna. Kuma da sharaɗi."

"Ina ji."

"Za ka kai mu, za ka shiga, za ka zauna. Ba za ka ce uffan ba. Ko sunanka aka tambaya, ni zan faɗa."

Na ce wannan wulaƙanci ne, kuma ɓata lokaci ne. Likitar ɗan lokaci gare ta, Malama kuwa idan ta faro daga matattakala sai a rufe asibiti ba ta iso hannu ba.

"Edita, ranar nan a gidan Mama, tana ba da labari tana dariya da kofi a hagu, ka zagayo ta bayan kujera..."

Na ce na san abin da ya faru, ina wurin.

"To ka san abin da ya fi yatsun naka zafi? Da ka juya ka ce wa mutane so kake ka gani ko idan hankalinta yana wani wuri ma za ta ji. To ka gani?"

Na ce na karɓi sharaɗin.

Litinin, da yamma

Mama ta ba ni kwalbar man zafi in kai wa Malama. "Ka ce ta murza sosai har ya shiga." Man da ke kwantar da gwiwa zai iya sumar da mai wannan hannun, kuma duka biyun ciwo ake ce musu. Na buɗe baki zan yi bayani, na tuna inda bayanin baya ya kai ni. Na ce an gode. Kwalbar tana aljihun mota.

Talata, da safe

Asibitin likitan ƙashi sun kira don su tabbatar da Alhamis. Lambata ce a fayil ɗin, a gurbin majinyaci. Na ba su ta Yaya.

Laraba, da yamma

Likitar 'yar ƙaramar mace ce mai furfura a goshi. Tana ganin yadda Malama ta rungumo hannun ta tashi ta kashe fanka ba wanda ya roƙe ta. Ta dube mu mu uku. Yaya ta nuna ƙanwarta, sannan ta nuna ni ta ce, "Wannan direba ne." Na zauna a kujerar bayan ƙofa.

"Faɗa min yadda yake yi miki," in ji likitar.

Malama ta faro daga matattakala. Na dunƙule hannu a aljihu. Ta bi ta ruwan da aka zubar a wurin, da ɗalibar da ta ɗaga ta, da simintin da ya matse ta. Likitar ba ta duba agogo ba. Da aka iso wuta da tururuwa da zanin gado, sai ta hau rubutu da sauri. "Sake faɗa min wannan. Ruwan wankan mai ɗumi ko mai sanyi?" Duk abin da ni zan soke da jan biro, shi take ja wa layi a ƙasa.

Ta sa ta ajiye hannuwan biyu a kan tebur, ta gwada launinsu, ta auna ɗuminsu, ta duba farata da gashin bayan hannu. Ta ciro 'yar auduga ta shafa a na hagu. Ba komai.

"Yanzu na dama. In kin ce in tsaya, na tsaya. Kin yarda?"

Malama ta ce ta yarda. Audugar ba ta yi tafiyar rabin yatsa ba.

Na taɓa jin wannan ƙarar sau ɗaya. A bangon da ke gabana akwai zanen ƙashin baya da jijiyoyi, da bayani a ƙasa, da kuskuren rubutu a layi na uku. Na yi ta karanta shi har ta yi shiru.

"Tun yaushe taɓawa take yi miki haka?"

"Tun kafin a cire simintin."

"Kin gaya wa likitan farko?"

"Na fara," in ji Malama.

Likitar ta jira sauran. Babu saura. Yaya ta gyara mayafinta. Ni an hana ni magana.

Ta faɗi sunan ciwon, wanda yake a takardun da aka yi fifita da su, amma ban ga alamar wani ya tuna ba. Ta ce ƙashin lafiyarsa lau. Jijiyoyin hannun da laka da ƙwaƙwalwa ne suka koyi tsoro bayan karayar suka ƙi saukowa, har jinin da ke zuwa wurin da gumin fata sun shiga rikicin, shi ya sa launi ke canzawa. Ta ce da an kama shi a watannin farko da ya fi sauƙi. Ta ce ba ta ba da shawarar a yanka ba, ko kusa, kuma za ta kira likitan ƙashi da kanta idan Malama ta amince. Abin da take da shi ba mai daɗin ji ba ne: magani mai kwantar da jijiya, ba irin na ciwon gwiwa ba, masu gashin ƙashi, a sake koya wa hannun taɓawa kaɗan-kaɗan, daga auduga zuwa tawul, a sa madubi a tsakani, ƙwaƙwalwa ta ga hagu yana motsi lafiya ta ɗauka dama ne. Watanni. Ba ta yi alkawarin alli ba.

"Likita," in ji Malama, "akwai hoton da zai nuna shi?"

"Babu wanda zai nuna yadda kike so."

"To da me zan nuna?"

"Wa za ki nuna wa?"

Malama ta mayar da hannun kan cinyarta. Ba ta kuma waiwayo ba.

"Ni dai na gani," in ji likitar. "Amma hannunki ne. Ki kwana da maganar."

A mota ba wanda ya ce komai. Na rufe gilasai duka, na bi hanyar da ba ramuka ko da ta fi nisa. A ƙofar gida Yaya ta fita ta buɗe mata. Malama ta ɗan dakata kafin ta sauka, idonta a kan titi.

"Ashe kana iyawa," ta ce.

Ban tambayi me ba. A fahimtata sharaɗin bai ƙare ba sai ta shiga gida.

Alhamis, da safe

Yau ne. Na kira Yaya da sassafe in ji ko in zo in kai su, ba ta ɗauka ba. Na yi wanka, na sa kaya, na zauna a bakin gado da makullin mota a hannu.

Ɗazu ta bugo, tana sauri.

"Kada ka zo tukuna."

"Tana ina?"

"Tana falo. Ta sha shayi, ta ci burodi har ta nemi ƙari."

Ƙa'ida ce a kowane asibiti, wanda za a sa wa maganin barci a yi masa aiki da cikinsa wayam yake zuwa. In ya ci, ranar ta tashi. Na ce da gangan ta ci, ko mantawa ta yi?

"Kai dai ba ka rabuwa da tambaya," in ji Yaya. Ta kashe.

Na kira asibitin likitan ƙashi. Mai amsa waya ta duba ta ce ba wanda ya kira ya soke, likita kuma bai iso ba, in sake kira da hantsi.

Abin da nake da shi ke nan zuwa yanzu: ta karya kumallo. Sunanta bai fita daga jerin na yau ba tukuna.